Fentin da Ya Zo Daga Daji

Ku samarin nan da kuke zama a bencin ƙofar shagona kuna cajin waya kyauta, na ji abin da ɗayanku ya faɗa da ya ɗauka na shige ciki. Cewa ya yi aikin Baba Bitrus ba sana'a ba ce, shafe-shafe ne, kuma abin da nake wuni ina yi wayarsa za ta yi shi kafin shayi ya huce. Ban ji haushi ba. Tun ina saurayi ake gaya mini haka, masu faɗar ne kawai suke canzawa. Amma tunda wutata kuke sha, ku gyara zama ku ji yadda abin yake.

Babana malamin firamare ne. Daga kudancin Kaduna aka turo shi koyarwa wajen Kazage, ya auri mahaifiyata 'yar Gbagyi, ya zauna bai koma ba. Burinsa in gaje shi a aji. Da ya ga littattafaina sun cika da zanen awaki da na hedimasta, kuma ba a cika bambance su ba, sai ya kamo hannuna ya kawo ni Birnin Gwari wajen Malam Sule mai fenti, a rumfarsa ta bayan tasha. Ya ce masa ga shi nan, in lalacewar zai yi, ya yi ta a inda za a ba shi abinci.

Aikina na farko wankin buroshi ne, kuma na daɗe a kansa har na fara zaton shi ne sana'ar gaba ɗaya. Malam Sule yana da buroshi ɗaya na kanti da ba ya barin aljihunsa ko masallaci za shi. Sauran duk shi yake haɗa su da gashin wutsiyar akuya, ya ɗaure da zare a bakin sillen gora, ya datse da reza. Awakin unguwar duk sun san shi, suna hango shi suke watsewa. Sai kananzir na wanki, gwangwanayen madara na haɗa launi, samfefa, alli, da zaren da ake turmusawa a garin bula, a ja shi a saki ya fitar da layi a miƙe. Akwai kuma wata sanda mai ƙullin tsumma a ka, wadda ake dogara hannu a kanta kada ya yi rawa. Ita ce kuma take sauka a bayana idan na bar gwangwani a buɗe. Fentin da ake sayowa ja ne, da shuɗi, da ruwan ɗorawa, da fari, da baƙi. Duk wani launi da ya wuce waɗannan, kai za ka nemo shi da hannunka. Mafi wuya shi ne launin fatar mutum. Sai ka ɓata safiya kana ɗiga ja kana ɗiga baƙi har ka dace da fatar mai aikin daidai, ya zo ya duba ya ce shi bai kai haka duhu ba.

Allon da aka fara sake mini na yi ni kaɗai na wani mai aski ne, Ɗanladi. Kawunan mutane yake so a jere, kowanne da irin askinsa, yadda ake yi a shagunan Kaduna. Na zana su da alli, na cika da fenti, na ji a raina babu kamata a ƙasar nan. Malam Sule ya zo ya tsaya a kaina, ya tambaye ni me ya sa duk mutanen suke fushi, kuma me ya sa duk da babana suke kama. Ashe fuska ɗaya na iya, aski kawai nake canza mata. Ya kore ni tasha in zauna in kalli mutane, ya ce kada in dawo sai na iya gaya masa inda kunne yake farawa da inda yake ƙarewa in an gwada shi da ido da hanci. Ku gwada yanzu ba tare da kun shafa naku ba, ku ga ko kun sani. Na sake allon, ya yi kyau, Ɗanladi ya rataye. Shi kuwa aski ɗaya ya iya a duniya, kwalkwabo. Kowa ya zo sai ya ce masa ya zaɓa a allo. Mutum ya tsaya ya yi nazari ya nuna, Ɗanladi ya gyaɗa kai ya ce ya iya zaɓe, ya sa aska ya kwashe gashin gaba ɗaya. A nan na fara gane cewa allo ba abin da ke cikin shago yake faɗa ba, abin da mai shago yake fata yake faɗa.

Bayan mota shi ne babbar makarantar. Ɗan'azumi direban gingimari ne mai bodin katako, yana kwasar masara da doya daga ƙauyuka zuwa Funtuwa da Kaduna. Ya zo ya ce zaki yake so a bayan motarsa, irin wanda in direban baya ya gani zai rage gudu. Ni ban taɓa ganin zaki ba, Malam Sule ma haka, Ɗan'azumi ma haka, amma kowannenmu yana da ra'ayi mai ƙarfi a kan kamanninsa. Na koma wajen kyanwar maƙwabciyarmu, na yi ta kallon yadda take miƙa da yadda take taka ƙasa, na ƙara mata geza da faɗin ƙirji. Zanen bayan mota ba kamar na bango ba ne. Katakan a jere suke da rata a tsakaninsu, dole ka auna kada idon dabbar ya faɗa a rata. Kuma ba a tsaye ake kallonsa ba. Mai kallon yana can baya da nisa, motarsa tana tsalle a ramuka, taɓo ya rufe rabin gilashinsa. Saboda haka layi ya yi kauri, launi ya yi kaifi, a bar ƙananan ƙyale-ƙyale. Kafin ka tsoma buroshi, ka fara tambayar kanka inda mai kallo zai tsaya. Zakin ya fito, har fasinjoji suna zagayowa kallo. Bayan damina kafinta ya kwance katakan don gyara, ya mayar da su yadda ya ga dama, kan zaki ya koma ƙarƙashin cikinsa, wutsiya ta hau sama ita kaɗai. Ɗan'azumi ya daɗe yana yawo da shi haka, yana gaya wa mutane sabon salo ne, kafin ya kawo mini na jera masa. Tun daga nan duk motar da ya sake, sai na yi mata zakin nan.

Lokacin siyasa shi ne kakar masu fenti. A lokacin Malam Sule ya riga ya rasu, ni nake riƙe da rumfar. Wani ɗan takarar kansila, ba zan kama suna ba don yana nan da ransa kuma muna gaisawa, ya ba ni aikin zana shi a bangwaye tun daga gari har Damari. Na zana shi yadda Allah ya yi shi. Ya zo da magoya bayansa suka duba, suka ce a rage tumbi. Na rage. Suka ce a cike giɓin haƙori, a share tsagar kumatu, a ƙara haske, a buɗe idanun don ya yi kama da mai tausayi. Da na gama, mutumin da ke bangon kyakkyawa ne ƙwarai, ni kaina da zan gan shi da na zaɓe shi. Ya ci zaɓe. Bayan an daɗe ya je wani ƙauye ta'aziyya, mutane suka shimfiɗa masa tabarma suka ba shi ruwa, suka yi ta kawo masa ƙarar kansilansu da ya yi alkawarin rijiya ya ɓace, suna roƙonsa in ya san shi a gari ya isar masa. Ya ce zai isar. Da ya dawo har shago ya zo ya yi mini godiya, ya ce hannuna yana da albarka.

Sai injin buga bana, wato allon talla na leda, ya iso gari. Matashi ya zauna gaban kwamfuta, ya ɗauko hoton wani gini na ƙasar waje ya manna a bayan mai shayi, ya buga a leda. Masu shaguna suka koma can. Rana ta ci ledar ta koɗe, iska ta yaga ta, su koma a sake bugawa, suna murna wai ya fi araha. Amma kada ku ɗauka gaba nake yi da na'ura. 'Yata Rifkatu da kwamfuta take cin abinci a Kaduna, katun take yi, zanen nan mai motsi da kuke kallo a waya. Ni ma da na ɗauka maɓalli take dannawa mutum ya miƙe ya kama tafiya. Da na je wajenta na zauna a bayanta, sai na ga mace ɗaya take zanawa, ta sake zana ta, ta sake, kowane karo ƙafa ta ɗan matsa, gefen zani ya ɗan kaɗa, har wuyana ya gaji matar ba ta je ko'ina ba. Itace matar ta ɗauko, a kafaɗa, yadda matan Gbagyi suke yi, ba a ka ba. Da ta kunna, mahaifiyata, kakar Rifkatu, na gani: yadda kafaɗar take sauka, yadda wuya yake kaucewa gefe, yadda diddige yake nutsewa a ƙasa saboda nauyi. Abin da za ku nema ke nan in kuna kallon irin wannan aiki. Ku duba ko mutumin yana da nauyi, ko yawo yake a iska kamar leda. Ku duba daga ina haske ya fito. Ku duba ko fuskar tana tunanin wani abu. Masu ba da aikin, wata ƙungiya ce ta wayar da kai, suka ce ya yi kyau matuƙa amma a mayar da itacen bisa kai, don haka suka saba gani a hotuna. Ta mayar musu, ta ajiye na kafaɗar ta sa a shafinta. Kwastoma dai kwastoma ne, ko da tumbi ya zo ko da jakar kwamfuta.

A zuwan nan ta kai ni wani ɗakin nunin zane. Na ga wani ƙaton ƙyalle da aka watsa wa ja da baƙi, na raɗa mata cewa tsumman goge buroshina ya fi wannan tsari, ko in kawo musu. Ta ce in ja da baya in yi shiru. Na ja. Can sai jan ya zama wuta, baƙin ya zama rumbuna, na ga ƙauye ana gudu, alhali ba a zana mutum ko ɗaya ba. Na cire hulata. Zanen da ke kusa da shi kuwa na ja da baya har na bugi bango, bai zama komai ba, kuma ya fi tsada. Har yau ina ajiye da tsummana ko za a neme su.

Yanzu bari in zo kan shekarar da ta fi kowace muni, shekarar da mutanen daji suka riƙe hanya. Wasunku sun tuna, amma abin da kuka fi tunawa an rufe makaranta. Motoci suka daina shigowa sai da rakiya. Mutanen Gwaska da na ƙauyukan gefen suka cika gari da 'yan ƙullin kayansu. Wanda bai san inda zai kwana ba ba ya neman allo. Fenti ya ƙare a kanti, wanda ke gare ni ya yi fata a gwangwani. Aikin da ya rage iri biyu ne: rubuta "gidan sayarwa" a bango, da rubuta suna a katakon da ake kafawa a kabari. Na koma noman ɗan filin bayan gida, don gonar nesa ba ta zuwuwa.

Wata rana da hantsi wani mutum ya tsaya a ƙofar shago da sabon babur marar lamba. Siriri ne, da baƙin tabarau, rawani ya rufe masa haɓa. Ya yi sallama da ladabi, ya kira ni Baba, ya tambayi iyali. Ya ce Ogansu ne ya aiko shi. Ban tambayi wane Oga ba, a shekarar nan ba a tambaya. Ya ce Oga ya ga zakin bayan motar Ɗan'azumi, ya yaba ƙwarai. Na san ya sami lokacin kallo, don motar ta daɗe a hannunsu kafin su sake ta. Ya fito da hoto ya ajiye a benci. Oga yana so a zana shi a babban allo, zaune a kan zaki, bindiga a cinya, shanu a baya iya ganin ido. Ya ƙara da cewa a ɗan rage hancin, kuma a ƙara haske.

Na ce masa wannan girmamawa ce, amma ga shi babu fenti a gari ko na shafa wa ƙofa, saboda hanya. Na faɗi maganar hanyar a hankali, kamar ruwan sama ne ya ɓata ta. Ya jinjina kai ya ce gaskiya ne, mutane suna shan wahala, Allah ya kawo sauƙi. Ya hau babur ya tafi. Na shiga gida na gaya wa matata cewa yau na yi dabara.

Ranar kasuwa ta gaba sai ga shi da kwali ɗaure a bayan babur. Fenti ne cike, mai kyau, irin wanda ban taɓa iya saye ba, har da buroshin kanti sababbi. A jikin kwalin an rubuta sunan Alhajin da ke sayar da kayan gini a bakin kasuwa, wanda kowa ya san an tare motarsa an tafi da direban. Mutumin ya sauke kwalin a gabana ya ce:

"Baba, in akwai abin da ya rage ka faɗa. Wata motar tana tafe jibi."

Na ce masa babu abin da ya rage, ko ƙusa.

Ku da kuke cewa aikin da sauƙi, ga yadda ta kasance. In na ƙi, sun san shagona, sun san gidana. In na yi ya yi muni, Oga zai ji haushi. In na yi aka gani a gari, sunana infoma, kuma a lokacin wanda aka kira infoma ba ya kaiwa gaban alƙali. Na ɗauki allon katako ɗaya mai faɗi da ya rage mini na shige ɗakin ciki. Ina aiki ƙofa a rufe, in na tashi in juya fuskarsa bango.

Ana cikin haka Mamman shugaban 'yan sa-kai ya zo a rubuta wa rumfarsu suna. Rana ta yi zafi, ya ce bari ya shiga ciki ya sha inuwa. Ya zauna ya jingina bayansa da allon, ya sha ruwa, ya shiga ba ni labarin yadda suke gane infoma. Wai da ido ake ganewa, wai mutum in yana da abin ɓoyewa gumi yake yi. Ni kuwa rigata ta jiƙe har wando. Na ce masa zazzaɓi nake fama da shi. Ya shaƙi iska ya ce ashe na samo sabon fenti, na ce tsoho ne na tace. Da zai tashi ya bubbuga allon da hannu, ya ce katako mai kyau, in ajiye masa in ba ni da abin yi da shi.

Niyyata in yi aikin tsaka-tsaki, wanda ba zai jawo fushi ba kuma ba zai jawo wani aikin ba. Hannu bai yarda ba. Ban taɓa kallon fuskar mutum kamar yadda na kalli hoton nan ba, don raina yana ciki. Na ga ido ɗaya ya fi ɗaya ƙanƙanta. Na ga jijiyar goshi, da leɓen da ya bushe, da zaman mutumin da ba ya samun barci, kuma wani abu yana cin sa a ciki. Na rage hancin kamar yadda aka ce, na ƙara haske, amma sauran duk suka bi buroshi suka hau allo. A duk shekarun da na yi ina zane ban yi fuska kamarta ba, kuma babu wanda zan iya kira ya zo ya gani.

Da mai tabarau ya dawo, bai zo da igiyar ɗaure allo ba. Ya zauna yana ta kame-kame, ya ce in yi haƙuri, an sami canji. Wani matashi a cikinsu ya hau dutse inda ake samun sabis, ya sa hoton Oga a waya, wayar ta yi aikin nan take. Ya nuna mini. Oga ne a kan zaki mai fukafukai, bayansa benaye da dusar ƙanƙara, fuskarsa sumul kamar ta jarumin fim, hannun da ke riƙe da bindigar yatsunsa shida. Ya ce Oga ya ji daɗi ƙwarai, ya tura wa kowa, kuma allo yana da nauyin ɗauka in za a tashi daga wuri. Na ce gaskiya wayar ta iya, ni ina zan kai nan. Ban taɓa yabon aikin wani da zuciya ɗaya kamar ranar ba.

Har ya miƙe, sai ya ce bari dai ya ga nawa. Na juyo allon. Ya cire tabarau, abin da bai taɓa yi a gabana ba, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce a hankali:

"Baba, wannan ai shi ne. Gara da bai gani ba."

Ya ce in ƙona shi, fentin kuma in riƙe.

Washegari na ɗauki kwalin na kai wa Alhaji, na gaya masa yadda ya zo hannuna. Ya ce direbansa ya dawo da rai, shi ba ya son ganin kayan motar nan a shagonsa, in je in yi amfani da shi. Allon ne ban ƙona ba. Na gaya wa matata katako ya yi tsada. Ta ce ta ji, katako.

Da hanya ta ɗan lafa, Rifkatu ta biyo rakiya ta zo Kirsimeti. Na rufe ƙofa na nuna mata. Ta durƙusa ta bi shi da ido, ta tambaye ni yadda na sami launin ƙasan idon, na ce shuɗi na ɗiga a ja. Ta ce fuskar nan ko a ɗakin nuni aka rataye ta sai an tsaya. Ta ƙara kallo, ta ce mutumin kamar yana fama da wani ciwo da yake jin kunyar faɗa. A makon kuwa Malam Tanko mai maganin gargajiya yana ta zarya a shagona. Allon tallar maganin basir yake so, da mutum a zaune cikin wahala, ni kuma ina gaya masa ba ni da katako. Na faɗa wa Rifkatu haka. Muka kalli juna.

Tare muka yi gyaran. Zaki ya zama benci da filo a kai. Bindiga ta zama buta. Shanu suka zama katangar makewayi. Na ƙara masa gemu da furfura da malafa don kada a gane. Ita ta gyara zaman, ta karkata ƙugun gefe ɗaya yadda nauyi ba zai sauka a inda ke ciwo ba, irin sanin da ta samu a aikin katun. Idanun ba mu taɓa su ba. Malam Tanko ya zo ya gani, ya ce duk daɗewarsa yana ganin masu basir bai taɓa ganin wanda abin ya kama kamar wannan ba, ya tambaya ko ɗan'uwana ne. Na ce wani kwastoma ne.

Allon ya shiga kasuwanni a bayan babur, har na ƙauyukan bakin daji inda kowa ke cin kasuwa ba a tambayar daga ina ya fito. Ni kuwa duk ranar kasuwa sai in kasa kunne in ji ko wani ya gane fuskar. Bayan wani lokaci Malam Tanko ya tsaya a shago yana murna, ciniki ya buɗe. Ya ce akwai ma wani abin da ya ɗaure masa kai. A wata kasuwa wani siririn mutum mai baƙin tabarau ya tsaya da babur a gaban allon, ya daɗe yana kallo, har shi Malam Tanko ya fara tunanin tattara kayansa. Can mutumin ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa don dariya, ya goge ido da gefen rawani. Sannan ya matso ya tambaya ko maganin yana yi da gaske. Malam Tanko ya rantse masa. Ya sayi kwalba biyu, ya ce a naɗe su da kyau a baƙar leda, ba nasa ba ne, na Oga ne.